Yadda Ake Gano Matsalar Batir da ta Memori a Ƙaramin Rediyo Mai Cin Memori

Ƙananan rediyoyi da na'urorin MP3 masu cin katin memori, irin waɗanda ake zuba wa karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi, ƙorafin da ake yi a kansu bai cika wuce biyu ba: ko dai na'urar ta daina ganin memori, ko kuma ta daina riƙe caji. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, matsalolin nan biyu a haɗe suke, kuma sau da yawa memorin da aka ce ya mutu lafiyarsa ƙalau, batir ne ya gaza ba shi wutar da yake bukata. Shi ya sa nake ganin daga wuta ya kamata a fara bincike, sannan a waiwayi memori. Kuma duk abin da za a yi, kada a yi wa memori fomatin, wanda ke share duk abin da ke ciki, sai an kwafe abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta ko waya, domin akwai karatuttukan da idan suka salwanta sake samun su sai an sha wahala.

A fara da batir

Yawancin waɗannan na'urori da batirin litiyam suke aiki, ko dai mai faɗin nan na tsofaffin wayoyin Nokia da aka rubuta wa BL-5C, ko kuma dogon mai kama da na tocila da ake kira 18650, wanda ya samo sunansa daga girmansa, wato milimita 18 a kauri da 65 a tsawo. Dukansu an rubuta musu bolt 3.7, amma idan sun cika sukan kai 4.2, idan kuma suka sauko kusa da 3.0 to sun ƙare. Shi kuwa katin memori an ƙera shi ne ya yi aiki tsakanin bolt 2.7 da 3.6, kuma ba ya jure wutar da ke hawa da sauka.

A nan ne matsalar take ɓuya. Batirin da ya tsufa yakan nuna ya cika muddin ba a ɗora masa aiki ba, amma da zarar an ƙure murya, sifika ta ja wuta da ƙarfi, sai ƙarfinsa ya faɗi na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan ɗan lokacin ya isa ya sa memori ya katse. Sai a ji karatu ya tsaya cak, ko ya koma farko da kansa, ko fuskar na'urar ta rubuta cewa babu kati alhali katin yana ciki. Mai na'ura sai ya ɗora wa memori laifi, ya je ya sayo sabo, bayan kwana biyu abin ya dawo.

Gwajin wannan ba ya bukatar kayan aiki. A rage murya zuwa ƙasa sosai, ko a saka abin sauraro na kunne, a bar karatun ya yi ta tafiya. Idan bai katse ba sai da aka ƙara murya, to batir ne. Haka kuma a jona caja a kunna memorin tana jone. Idan ya yi aiki lafiya, shi ma batir ne. Wanda ya fi kowanne tabbaci shi ne a aro batirin da aka san yana da lafiya a saka. Mai mitar auna wuta yana iya auna batirin bayan ya cika, ya sake aunawa bayan an yi minti goma ana sauraro: idan daga 4.2 ya gangaro zuwa 3.5 ko ƙasa da haka, ya gama aiki. Batirin litiyam dama yakan fara rauni bayan an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500, don haka wanda ake caji kullum ba abin mamaki ba ne ya gaji a shekara ɗaya ko biyu.

Wani lokaci batirin lafiya yake, zamansa ne ba daidai ba. BL-5C yana da wuraren taɓa wuta guda uku masu ruwan zinariya, su kuma ƙananan ƙarafan da ke taɓa su a cikin rediyon sukan kwanta ko su yi tsatsa. Idan na'ura tana mutuwa ne kawai lokacin da aka girgiza ta ko aka ajiye ta da ƙarfi, a cire batirin, a goge wuraren da ƙyalle mai ɗan sifirit, a ɗago ƙarafan a hankali da tsinke, sannan a naɗe 'yar takarda a cusa a ƙarshen batirin domin ya matsu. A ɗora shi kuma a kan tebur mai santsi a juya shi da yatsa: idan ya yi ta juyawa kamar katantanwa, cikinsa ya kumbura. Batirin da ya kumbura ba a gyara shi, ba a huda shi, ba a danne shi don murfi ya rufu, ba a kuma jefa shi a wuta. A daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

Wajen sayen sabo, a yi hattara da lambar mAh da aka rubuta a jiki, wadda ke nuna yawan cajin da batirin ke ɗauka. BL-5C na asali bai wuce kimanin 1020mAh ba, shi kuma 18650 mafi kyau yana tsayawa ne a wajen 3500mAh. Duk wanda aka rubuta wa 6800 ko 9900 ƙarya ce aka buga masa, kuma idan aka ɗauke shi a hannu akan ji shi sakayau, ba shi da nauyin na gaske.

Idan caji ne ba ya shiga

Kebul ne abin zargi na farko, domin shi ya fi lalacewa kuma shi ya fi arha. A canja shi, a canja kan cajar, sannan a leƙa bakin cajin da tocila. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru su dunƙule a ciki har kebul ya kasa shiga ƙarshe. A kashe na'urar a sakace da tsinken sakace na itace, ban da allura. Idan fitilar caji tana kamawa ne kawai idan an karkata kebul ɗin gefe guda, to bakin ya saki daga allon ciki, aikin mai gyara ne ya like shi da dalma, kuma ci gaba da lanƙwasa kebul yana iya ɓalle shi gaba ɗaya.

Akwai wata matsala da ta zo da sababbin na'urori masu bakin USB-C. Da yawa daga cikin masu arha ba a saka musu wasu ƙananan abubuwa biyu da ke sanar da caja cewa ga na'ura an jona ba, saboda haka idan aka yi amfani da kebul mai kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu, cajar ba za ta saki wuta ba ko kaɗan. Maganin shi ne kebul mai babban kan USB irin na da a ɓangaren caja, da caja mai bolt 5. Fawabanki ma yakan kashe kansa idan abin da aka jona masa ba ya jan wuta sosai, sai a zaci caji ya shiga alhali ya tsaya tun da wuri. Wasu ƙananan na'urorin kuma ba sa karɓar caji sai makunninsu yana kunne, don haka a gwada a kunne a gwada a kashe.

Na'urar da aka ajiye wata da watanni ba caji tana iya yin shiru ko an jona ta, saboda batirin ya sauka ƙasa da inda abin kariyarsa yake yanke wuta. A bar ta jone kamar awa ɗaya kafin a yanke ƙauna, ana taɓa ta lokaci-lokaci. Idan ta ɗauki zafi a cire. Idan kuma fuskarta a kunne take amma maɓallai ba sa aiki, a nemi ɗan ramin da aka rubuta wa RESET a danna da tsinke, ko a cire batirin na minti ɗaya. Kada a yi caji a rana ko a cikin mota a rufe, domin batirin litiyam ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri abin da aka bari a rana yakan zarce haka.

Sai memori

Idan an tabbatar wuta lafiya take, a kashe na'urar, a zare memorin, a duba layukan zinariya takwas da ke bayansa. A goge su da abin goge fensir ko ƙyalle mai sifirit, a bari ya bushe, a mayar har sai an ji ya zauna. Ramin da aka rubuta wa TF shi ne dai na microSD. Tsohon sunansa ne, TransFlash, da kamfanin SanDisk ya fito da shi a 2004. Daga nan a yi gwaji ta fuska biyu: a saka wannan memorin a waya ko kwamfuta, a kuma saka wani memorin mai lafiya a rediyon. Idan rediyon ya ƙi kowane memori, raminsa ne ya lalace. Idan memorin ya ƙi aiki a ko'ina, shi ne ya mutu. Idan kuwa yana aiki a waya amma rediyo ya ƙi shi, to kusan kullum maganar girma ce da tsarin fomatin.

Memori hawa-hawa ne. Na farko ya tsaya a giga 2. SDHC, wanda ya fito a 2006, ya kai giga 32 kuma da tsarin FAT32 yake zuwa. SDXC na 2009, wato irin su giga 64 da 128, da tsarin exFAT yake zuwa, kuma yawancin ƙananan rediyoyi ba su san wannan tsarin ba. Shi ya sa mutum zai sayi babban memori da tsada, waya ta karanta, rediyo ya ƙi. Wasu na'urorin sukan karɓi giga 64 idan aka mayar da shi FAT32, sai dai tagar fomatin ta Windows da aka saba ba ta ba da wannan zaɓi ga abin da ya haura giga 32, sai an nemi wata manhaja. A ganina wahalar ba ta da amfani. Fayil ɗin MP3 na matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a minti, wato memori mai giga 8 zai ɗauki sauti na fiye da awa 130, abin da ya ishi cikakken karatun Alƙur'ani na masu karatu fiye da ɗaya har da ragi. Memori mai giga 8 ko 16 na gaske ya fi dacewa da irin wannan na'ura. Idan za a yi fomatin, bayan an kwafe komai, manhajar SD Memory Card Formatter ta ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin katin ita ce mafi aminci. A guji kuma memorin da waya ta mayar wani ɓangare na ma'ajiyarta ta ciki, domin Android takan kulle shi yadda babu wata na'ura daban da za ta karanta shi sai an sake masa fomatin.

Jabun memori shi ya fi ba ni takaici, domin ba ya nuna kansa sai mutum ya gama amincewa da shi. Ana ɗaukar ƙaramin kati a sauya bayanin da yake bayarwa, ya riƙa cewa giga 32 ne alhali bai wuce 4 ba. Fayilolin farko za su yi aiki, amma duk abin da aka zuba bayan ya cika sunansa kawai za a gani, babu sauti, wani lokaci ma ya lalata na farkon. Alamarsa ita ce surorin farko suna tafiya, na baya suna tsallakewa, ko sunayen foldoji su rikiɗe zuwa wasu alamomi marasa ma'ana. Manhajar H2testw a kwamfuta tana cika katin da bayanai ta sake karantawa ta faɗi ainihin girmansa. A yi wannan gwajin ranar da aka sayo shi, tun ana iya mayar wa mai shago.

Wani lokaci kuma fayilolin ne. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus yake, sauti da yawa da ake saukewa daga intanet kuma M4A ne, kuma sauya ƙarshen sunan zuwa mp3 ba ya sauya abin da ke ciki. Sai an juya shi da manhajar sauya sauti. Idan surori suna fitowa a hargitse, Baƙara ta biyo bayan Yasin, dalilin shi ne yawancin na'urorin nan suna bin jerin yadda aka kwafa fayilolin ne, ba jerin sunayensu ba. A sa musu lamba daga 001 zuwa 114, a share katin, a sake kwafa su a jere. Memorin da ya dawo daga shagon masu tura waƙoƙi ya zama kamar babu komai a ciki, alhali kwamfuta tana nuna a cike yake, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye foldojin; kada a yi gaggawar fomatin, a wanke shi da manhajar kariya, sannan a sa kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli a kwashe su.

Idan memori ya kai matsayin da ba ya karɓar sabon abu, ba ya goguwa, ko an share fayil ya sake dawowa, a fara duba ɗan makullin da ke gefen babbar adaftar da ake saka shi a ciki, domin shi microSD ba shi da makulli a jikinsa. Idan ba makullin ba ne, to katin ya kulle kansa ne saboda ya tsufa, kuma babu fomatin da zai buɗe shi. A kwashe abin da ke ciki tun yana karantuwa, a zuba a sabo. Shi kuma sabon, a riƙa kashe na'ura kafin a zare shi, a kwamfuta ma a sallame shi ta hanyar da aka tanada kafin a cire, domin zare shi ana tsakiyar rubutu yana cikin manyan abubuwan da ke hargitsa tsarin FAT32.