Yadda Za a Binciki Amfanin Ostewofati a Yamai

Ostewofati, wato gyaran ciwon gaɓoɓi da tsoka ta hanyar tausa da motsa jiki da hannu, Andrew Taylor Still ne ya kafa shi a Amurka a 1874, kuma yawancin binciken da aka yi a kansa a ƙasashen Turawa aka yi shi. Mai son gwada shi a Yamai sai ya fara da samun amincewar kwamitin ɗa'a na binciken lafiya, sannan ya nemi yardar kowane majinyaci da Hausa ko Zabarmanci, da baki idan ba ya karatu.

Ma'aunin ciwo shi ne ya fi buƙatar kulawa, domin tambayar mutum ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 ba kowa take yi wa ma'ana ba. A gani na, gara a haɗa da tambayar ko yana iya ruku'u da sujada, ko mace tana iya daka da ɗaukar ruwa, a kuma maimaita tambayoyin bayan makonni. A tanadi mace mai duba mata.

A zauna da maɗora, domin wurinsu jama'a suke fara zuwa. A raba majinyata rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa rukuni ɗaya ostewofati ban da ɗayan, a kwatanta sakamakon, a rubuta har waɗanda ba su samu sauƙi ba.