Yadda na gano kuskurena a lissafin matsakaicin saurin canji

Kwana biyu wannan tambaya tana ba ni ciwon kai: a nemo matsakaicin saurin canjin f(x) = x³ − 2x² + 4 daga x = −1 zuwa x = 3. Amsar da aka bayar 3 ce, ni kuwa kullum 2 nake samu.

Da farko na zargi ƙa'idar, na sake dubawa: a ɗebe f(a) daga f(b), a raba da b − a, inda a ita ce x ta farko (−1), b kuma x ta ƙarshe (3). Daidai take. Na duba tazarar, 3 − (−1) = 4, nan ma lafiya lau.

Ashe matsalar tana wurin kalkuleta. Ina danna −1² babu baka, ita kuwa sai ta fara yin sikwayar 1, sannan ta maƙala alamar ɗebewa, ta ba ni −1. Shi ya sa f(−1) ke fitowa 5.

Sai na ajiye ta, na ɗauki biro, na sa kowace lamba cikin baka: (−1)³ = −1, (−1)² = 1, saboda haka f(−1) = −1 − 2 + 4 = 1. Ga kuma f(3) = 27 − 18 + 4 = 13. Na ɗebe 1 daga 13, saura 12, na raba da 4, sai ga 3 ta fito.

Alhamdu lillahi, yau hankalina ya kwanta.