Yadda za ka gane ainihin sunan fulawa mai yaɗo kafin ka biya kuɗi

Bara na sayi wata fulawa wajen masu sayarwa a bakin titi nan Katsina, mutumin ya rantse min jasmin ce, na dasa ta jikin katanga ina ta ban ruwa da ruwan 'yan garuwa wata da watanni, ta ƙi hawa. Ashe Cestrum nocturnum ce, mai ƙamshin nan da daddare, ita ko tsaye take girma, ba ta san hanyar katanga ba. Shi ma ba ƙarya ya yi ba, haka ya ji ana kiranta.

Toh ga yadda nake yi yanzu.

Da farko kar ka tsaya kan sunan baki. Ɗauki hoton ganye daban, fure daban, ka duba ko akwai ƙaya, sai ka saka a manhajar waya mai gane shuka daga hoto, kamar PlantNet ko Google Lens. In ba ta yi fure ba hakura ka dawo, ganye kaɗai yana ruɗa manhajar.

Sai ka nemi sunanta na kimiyya mai kalma biyu, tsarin da masanin tsirrai Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa tun 1753. Kalmar farko ta dangi ce, ta biyu ta ita shukar. Dankalin Hausa Ipomoea batatas, duman kada na bakin rafi Ipomoea asarifolia, kaga gida ɗaya suka fito, in ka kalli furensu kamar mazurari ma za ka yarda.

Daga nan bincika ko an canza mata suna, don malaman ma suna canzawa. Wannan mai furen da yake buɗewa fari ya koma ruwan hoda ya ƙare ja, wani zai ce maka Quisqualis indica wani Combretum indicum, abu ɗaya ne wallahi, kar ka saya sau biyu. 'Yar uwar gezar dajinmu ce ma, abin mamaki.

Mai fure ruwan ɗorawa kuwa tsaya ka karya ganye. In farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya wataƙila Allamanda ce, tana da guba, ka nesanta ta da yara da awaki.

In ka tabbatar, rubuta sunan da alƙalamin maka a jikin tukunyar, ka kuma ajiye a waya don ranar Katsina tana cinye rubutu kafin damina.