Yadda malami zai riƙa gyara wa ɗalibai aiki kullum, ko da aji ya cika maƙil

Duk wanda ya taso a Damagaram ya san yadda malamin allo yake yi. Yaro ya zo ya durƙusa ya biya, ya yi tuntuɓe a kan harafi, nan take malam ya tsayar da shi ya gyara, ya ce maimaita. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. A lakwal kuwa sau da yawa sai an yi jarrabawa, an raba kaye bayan mako biyu, yaro ya ga 3 bisa 10 da jan bik, bai san inda ya kauce ba. Maki yana nuna matsayin yaro a aji. Gyara shi ne yake nuna masa abin da zai yi gobe, kuma a kansa ya kamata ƙarfin malami ya tafi.

Fara da allon hannu, domin shi ne mafi sauri kuma ba ya cin takarda. Tsarin da ake kira La Martinière a makarantun horon malamai ke nan: ka faɗi tambaya sau biyu, ka ba da kamar daƙiƙa 20 na tunani, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa kowa ya ɗaga. Tambaya 5 cikin minti 10 ta isa. Inda malamai ke yin asara shi ne su ƙirga waɗanda suka samu kawai su wuce. Dubi amsoshin da ba daidai ba, su ne ke magana.

Ga misali a CE1, wato aji na uku na firamare. Ka ba da 62 a cire 28, amsa 34. Wanda ya rubuta 44 ya fahimci aro, mantawa ya yi bai biya shi a gidan gomomi ba. Wanda ya rubuta 46 bai san aro ba sam: ya ga 2 ba ta kai 8 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 8. Ciwo biyu ne, magani ɗaya ba zai yi musu ba. Na farko tuni kawai yake so: "Ina ɗayan da ka aro?" Na biyu sai an koma da shi ga tsinke, ɗauri shida na goma-goma da guda biyu, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga goman ta warwatse. Idan kusan kashi ɗaya cikin uku na aji suka faɗa rami ɗaya, tsayar da darasi ka sake bayani ta wata hanya. Idan yara huɗu ko biyar ne, ka tara su a gaba yayin da saura ke aiki.

Sai batun kaye. Aji mai yara 70 ba wanda zai duba shi duka kowace rana. Raba su rukuni 5 na yara 14, kowane rukuni da ranarsa daga Litinin zuwa Juma'a. Minti 2 ga kowane kaye, ƙasa da rabin awa ke nan. Kada ka jan layi a ƙarƙashin kowane kuskure. Yaron da ya buɗe shafi ya tarar da ja ko'ina rufewa zai yi. A dikte, wato shiftar faransanci, zaɓi abu ɗaya na makon, misali harafin s na jam'i da ake rubutawa ba a furtawa, ko rikicin p da f da ke damun yaranmu saboda bakin Hausa bai raba su ba. Sa ɗigo a gefen layin da kuskuren yake, kada ka rubuta amsar, bar shi ya nemo.

A aikin yau da kullum a rage sa maki. Binciken da wata masaniyar harkar ilimi, Ruth Butler, ta wallafa a 1988 ya nuna yaran da aka ba bayani kaɗai sun ci gaba, waɗanda aka haɗa musu bayani da maki kuwa ba su ƙaru ba. Ido kan lamba yake tsayawa, sai yaro ya leƙa na maƙwabcinsa.

Washegarin duba kaye ware minti 10 na farko don gyara, kowa da kayensa, ya sake yin abin da ya ɓata tare da wani sabo mai kama da shi. In ba a yi wannan ba, wahalar daren jiya ta tafi a banza. Kwafar gyara daga babban allo ba ta wadatar, hannu ne ke aiki a nan, kai na hutawa.

Harshe ma a kula da shi. "Ba ka da kai" ko "kai jaki ne" na sa yaro ya daina ɗaga allo, ya koma satar amsa, daga nan malami ya makance game da shi. "Yayi kyau" ita kaɗai ma ba ta koyar da komai. Ka ce: "Jerin lambobinka ya yi daidai, sauran aro, sake duba gidan gomomi." Idan faransanci ya tsaya wa yaro a wuya, faɗa masa da Hausa, ya gane, sannan a mayar da shi faransanci.

Iyaye da yawa ba sa karanta abin da ke cikin kaye. In uba ya zo, ba shi aiki ɗaya da zai iya: "Alhaji, a sa yarinyar ta riƙa karanta wa yayarta layi biyar bayan magariba, a duba mana nan da mako biyu." Kai kuma ka ajiye ƙaramin kaye mai sunayen yara, kowane suna da kuskure ɗaya da ake bibiya da ranar da aka gan shi, kada ka soke shi sai ya yi daidai sau biyu a jere a ranaku daban.