Darasi na 7: Don Me Ka Mayar da Canjin?

Wata uwa a Tudun Wada ta aiki ɗanta Kasuwar Barci sayen manja. Mai shago ya yi kuskure, ya ba shi canji ya wuce ƙa'ida. Yaron ya koma ya mayar. Madalla. To, amma me ya sa ya mayar?

Wannan tambaya ce ta dami wani masanin halayyar ɗan Adam, Ba'amurke, mai suna Lawrence Kohlberg. A 1958, a Jami'ar Shikago, ya kammala nazari a kan yara maza 72, 'yan shekara 10 zuwa 16. Yakan ba su labarin wani magidanci da matarsa ke kwance rai a hannun Allah, mai magani ya tsuga kuɗi ninki goma, ya kuma ƙi ba da bashi. Magidancin ya fasa shago ya ɗauke maganin. Ya kyauta ko bai kyauta ba? Kohlberg bai tsaya kan "i" ko "a'a" ba, dalilin yaro yake saurare.

Daga amsoshin ya fitar da hawa uku na dalilan da kan sa mutum ya yi daidai, kowane hawa da mataki biyu.

Mu koma kan canjin nan. A hawa na farko, yaro zai ce, "In Baba ya ji, na sha bulala," ko kuma yana hangen tukuici. A hawa na biyu, zai ce, "Kada a ce ɗan gidanmu ɓarawo ne," ko "Doka ta hana." Nan kunya take, nan kuma yawancin manya suke, kuma ba abin raini ba ne, don kunya ta riƙe gidaje da yawa. A hawa na uku, mutum zai ce, "Haƙƙin mai shago ne, ko babu mai gani." Kaɗan ne ke zama a nan.

Ni dai abin da na lura, bulala kaɗai takan bar yaro a hawa na farko: ranar da Baba ya yi tafiya, canji ya shige aljihu.

An yi wa Kohlberg gyara. A 1982, wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Carol Gilligan ta ce maza zalla ya tambaya, ya kuma rage wa tausayi da kula da mutane daraja.

Aiki: Yau da daddare, ba ɗanki ko ɗanka labarin canjin nan. Tambaye shi, "Don me?" Rubuta amsarsa a jimla biyu, a kawo aji gobe.