Sulke ko jini? Kurakuran da ke sa a kayar da kai a gaba-da-gaba na League of Legends

Duk wanda ya daɗe yana tsayawa a layin sama (hanyar da ke saman taswira) na League of Legends, wasan kwamfutar da kamfanin Riot Games ya fitar a 2009, ya san wannan takaicin: ka tara zinare, ka koma shago ka sayi kayan kariya, ka dawo da ƙarfin gwiwa, abokin karawarka ya sake kwantar da kai kamar ba ka sa komai ba. Sau da yawa ba hannunka ne ya gaza ba, tun a shago aka tafka kuskuren.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar sulke (makin da ke rage bugun makami) da jini (adadin ranka a wasan) kamar kishiyoyi, wai sai ka zaɓi ɗaya ka saki ɗaya. Alhali ninka juna suke yi. Duk bugun makami da aka kai maka, wasan yakan ninka shi da 100, ya raba da 100 haɗe da adadin sulkenka. Mai sulke 100 rabin bugu kawai ke shigarsa, don haka idan jininsa 2000 ne, sai an zuba masa bugu na 4000 kafin ya faɗi.

Bari mu je shago da zinare 400. Wannan kuɗi zai saya maka Ruby Crystal mai jini 150, ko kuma sulke kusan 20, tunda Cloth Armor mai sulke 15 zinare 300 ne. Idan jininka 2000 ne, sulkenka 50, bugun 3000 za ka iya shanyewa. Ka ƙara jini, ya koma 3225. Ka ƙara sulke, ya koma 3400. To, juya lamarin: jini 1000, sulke 150, kana shanye 2500. A nan jinin zai kai ka 2875, sulken kuwa 2700 kacal. Kuɗi ɗaya, shago ɗaya, amma amsar ta sauya. Gyaran shi ne ka duba wanda ya yi maka ƙaranci ka cike shi, kada ka ci gaba da tara wanda ka riga ka ƙoshi da shi.

Akwai kuma masu cewa sulke yana daina amfani idan ya wuce 100, domin daga 100 zuwa 200 ragin bugu yana tashi ne daga kashi 50 zuwa kusan 67 cikin ɗari kawai. Wannan magana tana ɓata mini rai, saboda tana sa sababbin 'yan wasa su tsaya a rabin hanya. Kowane maki ɗaya na sulke yana ƙara maka juriya daidai da kashi ɗaya cikin ɗari na jininka, na farko da na ɗari biyu duk ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne jini yana ƙara daraja yayin da sulke ke yawa.

Sai kuskuren saye ba tare da duba wanda ke gabanka ba. Sulke ba ruwansa da bugun sihiri. In kana karawa da gwarazan da ke bugu da sihiri irin Mordekaiser ko Rumble, kayan sulke irin Thornmail ba zai cece ka ba. Kariyar sihiri kake bukata, kuma lissafinta iri ɗaya ne da na sulke. Sunan kaya ma yana yaudara: Warmog's Armor ba shi da sulke ko ɗaya, jini ne zalla.

Inda aka fi shan wuya shi ne bugun da ake auna shi da yawan jininka. Takobin Blade of the Ruined King yana cire wani kaso na jinin da ya rage maka a kowane sara, ashe tara jini ƙara wa abokin gaba ƙarfi ne. Amma da yake bugun makami ne, sulke yana rage shi. Kayan da ake kira Liandry's shi ma haka yake ƙona ka, sai dai da sihiri. Akwai kuma bugun da ba ya jin sulke ko kaɗan, irin saran ƙarshe na gwarzo Darius da wutar Ignite. Maganin wannan jini ne. Shi ya sa mai karawa da Darius yake bukatar duka biyun: sulke don sauran saransa, jini don gatarin ƙarshe.

Gwarazan Vayne da Fiora sun haɗa matsalolin biyu, bugunsu na musamman yana ratsa sulke kuma yana girma da jininka. Kada ka ɓata zinare kana neman zama dutse a gabansu. Ga Vayne, sulken Frozen Heart yana rage saurin harbinta, takalmin Plated Steelcaps yana rage bugunta na yau da kullum, sauran aikin kuma ka gama faɗan da wuri.

Wani abu da ake mantawa: idan gwarzonka yana warkar da kansa, irin Aatrox, sulke ya fi yi masa riba, domin duk jinin da ya dawo shi ma yana samun kariyar. In kuwa ka ga abokin karawa ya fito da makamai masu karya sulke irin Black Cleaver ko Lord Dominik's Regards, to ya fara cin sulkenka, sayayya ta gaba ta karkata ga jini. Danna maɓallin Tab ka ga kayansa kafin ka buɗe shago, kuma duk lokacin da ka faɗi, karanta bayanin da wasan ke nunawa na irin bugun da ya kashe ka.