Darasi na 9: Canja Wayar Cajin Mota

Batir ajiyar wuta yake yi. Altaneta ce ke cika shi idan inji na aiki, fambel na juya ta. Tsakaninsu akwai waya mai kauri. Tana fitowa daga wani noti a bayan altaneta, inda aka rubuta B+, ta nufi kan batir mai alamar +. A wasu motocin sai ta biya ta kik ko akwatin fiyus tukuna.

Idan wannan waya ta lalace, fitila takan yi dishi-dishi, batir ya riƙa sauka, da safe sai an tura. Da yawa sukan sayo wata altaneta, alhali tasu lafiyarta ƙalau. Don haka a fara da awo.

Ɗora tsinkayen mitar awon wuta a kawunan batir, ja a +, baƙi a −, inji a kashe. Cikakken batir zai nuna kusan volt 12.6. Tayar da mota, ka kunna fitilu. Ya kamata lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta hau ba, sa jan tsinken mita a notin B+, baƙin kuma a jikin inji. Naɗe hannun riga, fambel ba ya jira. Ka ga 14 a nan, amma 12 da 'yan kai a batir? To wuta na fitowa, a hanya take maƙalewa. Duba babban fiyus kafin ka zargi waya. In ya ƙone, sa irinsa, kada ka haɗe wurin da zaren waya.

Wasu masu gyara sukan cire kan batir inji na aiki, wai su ga ko mota za ta mutu. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Yana iya ƙona altaneta da kwamfutar mota.

Yanzu sai aiki. Kashe mota, zare makulli, cire zobe da agogo. Kwance kan batir mai alamar − da farko, galibi da sifana 10. Dalili kuwa, duk ƙarfen mota haɗe yake da wannan kai. In ka bar shi, sifana ta taɓa B+ da jikin inji lokaci guda, tartsatsi zai tashi, hannu ya ƙone.

Ɗauki hoton yadda wayar ta bi. Ɗaga robar da ta rufe notin, kwance shi, ka bi wayar har ɗaya bakin.

Tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Kaurin roba ba shi ne kaurin waya ba, tagullar ciki za ka duba. Kankare zare ɗaya. In fari ya fito, alminiyan ne aka shafa wa tagulla, ajiye musu abinsu. Gara sabuwar ta fi tsohuwar kauri da ta gaza ta, domin siririya zafi take yi har ta narke. A matse mata zoben ƙarfe a kowane baki. Nannaɗa zare a jikin noti ba gyara ba ne.

Goge mahaɗa da sanfefa sai ta yi haske. Bi da wayar tsohuwar hanyarta, nesa da bututun hayaƙi da fambel, ka ɗaure ta. Ɗaure noti ya kama, ban da ƙarfin tuwo, don ƙusar da notin ke hawa takan karye. Mayar da kan batir mai − a ƙarshe.

Tayar da mota, sake awo. Bayan minti 10 da fitilu a kunne, kashe inji, ka taɓa wayar kusa da kowane baki. Inda ka ji zafi sosai, mahaɗar nan ba ta kama ba. Cire kan batir mai −, ka sake ɗaure ta.